Daga Ina Muka Samo "Dozin"?

Mu Hausawa da goma muke ƙirge. Kakanninmu gomiya biyu, gomiya uku suke cewa, kafin ashirin da talatin na Larabci su ture su. To, ina muka samo dozin mai goma sha biyu?

Tushenta Latin ne, inda aka haɗa kalmar biyu da ta goma. Faransawa suka gada, mutanen Ingila suka ara daga wurinsu wajen shekarar 1300. Mu kuwa, ta kama bakinmu ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanoni irin su John Holt suka buɗe kantuna, Turawan mulki kuma suka tare a Nassarawa. Cokali, tangaran, kwanon sha, duk sha biyu-sha biyu suke zuwa a ɗaure. Lissafin ya yi wa ɗan kasuwa daɗi, domin sha biyu tana rabuwa gida biyu, uku, huɗu ko shida ba ragowa. Kuɗin zamanin ma haka yake: kwabo 12 ne sule ɗaya, saboda haka in dozin sule ce, ɗaya kwabo ke nan.

Wasu marubutanmu kan soke ta daga rubutunsu, wai Turanci ce. Abin mamaki, ba su taɓa soke ashirin ba!

Naira ta kashe wancan lissafi a 1973, amma har yau uwar amarya in ta shiga kasuwar Sabon Gari haɗa kayan ɗaki, da dozin take taya faranti.