Sana'ar Tarbar Baƙi Da Karatun Nesa A Tasawa Da Mayahi

A ranar 20 ga Maris 2020 aka rufe makarantun Nijar saboda cutar korona, ba a sake buɗe su ba sai 1 ga Yuni. A wannan tsakani duniya ta ɗauki zancen karatu ta intanet, har da na masu koyon aikin otel da jagorancin 'yan yawon buɗe ido. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne: ɗan Tasawa ko Mayahi mai son wannan sana'a, me za a aika masa daga nesa, kuma ta wace hanya?

Tarbar baƙo tsohuwar sana'a ce a nan. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa a Janairun 1851, tare da ayarin gishiri na Abzinawa ya gangaro, ya tarar da gari mai kasuwa a kan hanyar Katsina da Kano. A irin wannan zango fatoma ne otel: shi ke ba da masauki, ya ajiye kaya, ya haɗa baƙo da dillali, ya tsaya masa idan rigima ta tashi. Yaronsa kuwa da ido da ƙafa yake koyo.

Shi ma karatun nesa ya girmi intanet a Nijar. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo, inda mutanen gari ke taruwa su ji shiri cikin harshensu, su tattauna, a naɗi muryarsu a mayar gidan rediyo. A 1964 aka soma koyar da 'yan firamare ta talabijin da taimakon Faransa. Na farkon ya fi burge ni, domin da Hausa da Zabarmanci yake magana, ga shi ba ya buƙatar komai sai batir. Na biyun da Faransanci ne, da tsada, kuma bai yaɗu yadda aka yi buri ba.

Da korona ta zo, tsarin 1964 muka yi ta mafarki a sabuwar riga: kwamfuta, wuta, kuɗin intanet. Alhali wutar wannan yanki ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin Yulin 2023. Abin da ke hannun matasa shi ne rediyo da saƙon murya na WhatsApp.

To, rabin sana'ar zai iya bi ta nan. Ɗauki Maijirgi, a kan babbar hanyar Damagaram gabas da Tasawa. A ranar 14 ga Yuli 1899 sojojin Kyaftin Voulet suka harbe Kanar Klobb a Ɗankori, shi da Faransa ta turo ya tsayar da ɓarnar da suke yi tun daga bakin Kwara. Cikin kwana uku sojojinsu da kansu suka kashe Chanoine, sannan Voulet, aka binne su a Maijirgi. A 1923 jami'in mulkin mallaka Robert Delavignette ya sa aka tone kaburburan, aka tarar babu kowa ciki. Wannan labari, da na dattawan garuruwan da aka ƙone, darasi ne da murya kaɗai ta isa ta kai shi. Haka bayanin gorubar Gulbin Kaba a ƙasar Mayahi, da tabarmi da igiyar da ake yi da kabarta.

Sauran rabin kuwa, gyaran gado, girkin mutum talatin, karanta fuskar baƙon da ya gaji, sai an tsaya kusa da gwani. Ba a koyon iyo a tudu.

Abin da ya fi ciwo, baƙin ne suka ƙaura tun kafin cutar. Tawayen arewa na 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 sun kashe kasuwar Agadas. Wata biyu da buɗe makarantu, ranar 9 ga Agusta 2020, aka kashe mutum 8 a Kure wajen kallon raƙuman dawa, cikinsu har da shugaban masu jagora na wurin. Baƙon da ya rage wa Tasawa da Mayahi yau shi ne ɗan kasuwar Katsina, da ma'aikacin ƙungiyar agaji, da ɗalibi daga Yamai. Yawancinsu suna jin Hausa, kuma da yawa suna wuce Maijirgi a mota ba tare da an nuna musu inda kaburburan suke ba.