Alaƙar Ƙiba da Matakin Gab da Ciwon Sukari da Haɗarin Sankarar Mama: Nazarin Hujjojin Bincike

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi manyan binciken da aka gudanar kan dangantakar ƙiba, da hauhawar sukarin jini wanda bai kai matsayin ciwon sukari ba, da haɗarin kamuwa da sankarar mama. Hujjojin sun nuna cewa nauyin da sikeli ke nunawa ma'auni ne mai rauni, kuma wurin da kitse ya taru a jiki tare da yawan sinadarin insulin a jini sun fi shi bayyana haɗarin, musamman ga matan da al'ada ta ɗauke musu.

Gabatarwa

Sankarar mama ita ce cutar dajin da aka fi samu a jikin mata a duniya, domin ƙididdigar Cibiyar Binciken Cutar Daji ta Ƙasa da Ƙasa da ke Liyon a Faransa ta nuna cewa a shekarar 2020 an gano ta a jikin mata kimanin miliyan 2.3, ta kuma yi ajalin kimanin 685,000, a Nijeriya kaɗai kuwa an ƙiyasta sababbin masu cutar fiye da 28,000 a wannan shekara. Wasu daga cikin musabbabanta, kamar gado da shekaru da lokacin fara al'ada, ba sa hannun mace, amma ƙiba da sukarin jini abubuwa ne da ake iya aunawa a kuma sauya su, shi ya sa suka ja hankalin masana.

Ana auna ƙiba da ma'aunin BMI, wato a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita, sannan a sake raba sakamakon da tsawon. Sakamakon da ya kai 25 yana nuna nauyi ya wuce ƙima, wanda ya kai 30 kuma shi ne matsananciyar ƙiba. Matakin gab da ciwon sukari kuwa hali ne da sukarin jini ya haura na mai lafiya amma bai kai na mai ciwon ba. Ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta sanya iyakarsa tsakanin miligiram 100 da 125 a kowace desilita ta jini idan an auna kafin karin kumallo, ko kashi 5.7 zuwa 6.4 a gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin sukari na watanni biyu zuwa uku, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke fara ƙirga shi daga miligiram 110. Galibi ba ya zuwa da ƙishirwa ko yawan fitsari, sai dai a wasu lokuta fatar bayan wuya ko ta hammata takan yi duhu da kauri, har a ɗauka dauɗa ce a yi ta dirza, alhali alama ce ta yawan insulin.

Kitse bayan ɗaukewar al'ada

A shekarar 2016 wani kwamitin masana na cibiyar ta Liyon ya tabbatar da cewa akwai isassun hujjoji da ke danganta yawan kitsen jiki da cututtukan daji 13, ciki har da sankarar mama ta bayan ɗaukewar al'ada. Tun kafin nan, nazarin da Renehan da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet a 2008 ya nuna cewa duk ƙarin maki 5 a ma'aunin BMI yana ƙara wannan haɗari da kimanin kashi 12 cikin 100, wato idan an kwatanta da haɗarin macen da ba ta da wannan ƙarin. Binciken ma'aikatan jinya na Amurka da Eliassen ta jagoranci wallafa shi a 2006 ya ƙara da cewa matan da suka ƙara kilo 25 ko fiye tun daga shekara 18 haɗarinsu ya ɗara na waɗanda nauyinsu bai sauya ba da kashi 45 cikin 100.

Babban dalilin shi ne sinadarin istirojin, wanda ke sa ƙwayoyin halittar mama su yi ta rarrabuwa, kuma mafi yawan sankarar mama da shi take girma. A shekarun haihuwa gidan ƙwan mace ne ke samar da shi, amma da zarar al'ada ta ɗauke sai aikin ya koma ga kitse, inda wani sinadari mai suna aromatas ke juya wasu sinadarai zuwa istirojin, ta yadda gwargwadon yawan kitse gwargwadon yawan abin da ake samarwa. Idan ƙwayar kitse ta cika ta wuce iyaka takan mutu, sai ƙwayoyin garkuwar jiki su kewaye ta kamar rawani a kai, siffar da ake gani ƙarara a madubin ɗakin gwaji a kitsen maman mata masu ƙiba. Wannan kewaye alama ce ta kumburi mai ɗorewa wanda mace ba ta jin zafinsa, kuma shi kansa yana ƙara wa aromatas ƙarfi a daidai wurin da cutar ke tsirowa.

Insulin da matakin gab da ciwon sukari

Insulin sinadari ne da gaɓar fankiriyas ke fitarwa domin shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki. Kitsen ciki, wanda ke naɗe hanji da hanta, yana sa jiki ya daina jin umarninsa yadda ya kamata, sai fankiriyas ta riƙa ƙara yawansa don ta cike giɓin, kuma mace na iya shafe shekaru a wannan hali kafin sukarinta ya kai na mai ciwo. Abin damuwar shi ne insulin yana kuma ingiza ƙwayoyin halitta su girma, yana hana lalatattunsu mutuwa a kan kari, yana kuma rage wani furotin da hanta ke yi mai ɗaure istirojin a jini, sai sakakken istirojin ya ƙaru. Ke nan hanyar kitse da hanyar insulin suna haɗuwa a wuri guda.

Alƙaluma sun goyi bayan wannan bayani. Boyle da abokan aikinsa sun tattara bincike da dama a 2012, suka ga cewa mata masu ciwon sukari haɗarinsu na sankarar mama ya ɗara da kashi 27 cikin 100, da aka cire tasirin ƙiba sai ya sauka zuwa kashi 16, bai ɓace ba. A 2014 Huang da abokan aikinsa sun haɗa bincike 16 da suka ƙunshi mutane kimanin 890,000 a mujallar Diabetologia, suka gano cewa matakin gab da ciwon sukari yana tafiya da ƙarin kashi 15 cikin 100 na haɗarin cutar daji gaba ɗaya, kuma mama na cikin gaɓoɓin da alaƙar ta bayyana a kansu. Mafi ɗaukar hankali shi ne aikin Gunter a kan mahalarta babban shirin binciken lafiyar mata na Amurka, inda a 2009 ya nuna cewa, a cikin matan da ba sa shan magungunan maye gurbin istirojin, masu mafi yawan insulin haɗarinsu ya ninka na masu mafi ƙaranci fiye da sau biyu, a 2015 kuma ya nuna cewa mace mai nauyi wadda insulin ɗinta ke daidai haɗarinta bai bambanta sosai da na siririya mai lafiya ba. Iyengar ya ƙarfafa batun ta ɗaya ɓangaren a 2019, da ya samu cewa mata masu BMI daidai amma masu tarin kitse a ɓoye haɗarinsu ya kusa ninkawa.

Duk da haka, waɗannan bincike na lura ne da bin diddigi, kuma tafiya tare ba ta isa hujjar cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan ba. Gwajin MA.32 da Goodwin ta jagoranta, wanda ya haɗa mata 3,649 masu sankarar mama marasa ciwon sukari, ya nuna a 2022 cewa maganin metformin mai rage insulin bai hana cutar dawowa ba. Hujjar rage nauyi ta fi wannan ƙarfafa gwiwa, domin gwajin rigakafin ciwon sukari na Amurka ya nuna a 2002 cewa ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyi tare da motsa jiki na minti 150 a mako ya rage rikiɗewa zuwa ciwon sukari da kashi 58 cikin 100, Chlebowski kuma ya samu a 2019 cewa matan da suka rage aƙalla kashi 5 cikin 100 na nauyinsu bayan ɗaukewar al'ada haɗarin sankarar mamarsu ya ragu da kashi 12.

Matsayin hujjojin ga matan Nijeriya

Mafi yawan waɗannan alƙaluma daga Turawa masu manyan shekaru aka samo su, alhali a Nijeriya cutar ta fi bayyana a shekaru arba'in da 'yan kai, da yawa kafin al'ada ta ɗauke. Wannan bambanci yana da nauyi, domin wani nazari na 2018 da ya haɗa mata fiye da 750,000 ya nuna cewa yawan BMI a ƙuruciya yana tafiya da raguwar haɗarin cutar kafin ɗaukewar al'ada, lamarin da ba zai zama dalilin neman ƙiba ba tunda kitsen da aka tara yana biyo mace har girma. Binciken da Adebamowo da Ogundiran suka yi a Ibadan ya nuna cewa faɗin ƙugu idan an kwatanta da na kwankwaso yana da alaƙa da cutar a matan Nijeriya, wato kitsen ciki ne abin lura, kuma tef ɗin tela ya isa a auna shi: ƙugun mace da ya kai santimita 80 abin sa ido ne, wanda ya wuce 88 kuma haɗarinsa ya ƙaru sosai.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, a cikin al'ummar da har yanzu ake ɗaukar ƙiba shaidar hutu da kulawar miji. Mafi muni shi ne magungunan ƙiba da 'yan mata da amare ke saya ba da izinin likita ba, waɗanda wasunsu ke ɗauke da dekzametason, maganin da ke tara kitse a ciki da fuska, yana kuma ɗaga sukarin jini, wato yana ƙirƙiro daidai halin da hujjojin nan suka nuna haɗarinsa.

Akwai kuma matsalar dabarar bincike, domin yawancin mata a nan kan isa asibiti bayan cutar ta yi nisa ta ramar da su, don haka nauyin da aka auna ranar ganowa yana iya ɓoye ƙibar da ta gabata. Binciken da zai dace da wannan yanki shi ne wanda zai auna ƙugu da sukarin jinin mata tun suna lafiya, a ɗakunan awon ciki da cibiyoyin lafiya na matakin farko, ya bi su shekara da shekaru, ya kuma haɗa sakamakon da rajistar masu cutar daji irin wadda ake gudanarwa a Ibadan tun 1960.