Motar Cefane a Filin Tsere: Yadda Honda Mai Jan Gaba Ta Kutsa Cikin Wasan Manya

Tseren rubu'in mil wasa ne mai saukin ka'ida. Motoci biyu ne ke tsayuwa kafaɗa da kafaɗa, fitila ta kunnu, su fizga a miƙe tsawon mita 402, wadda ta riga isa ita ce gwana. A kudancin Kalifoniya aka raine shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu: an fara shirya shi a kai a kai a wani filin jirgin sama da ke Santa Ana a 1950, sannan Wally Parks ya kafa hukumar NHRA a 1951 domin ya ɗauke samari daga tsere a kan titi. Kusan shekaru arba'in, kowa ya yarda cewa motar wannan wasa iri ɗaya ce: ƙirar Amurka, mai inji silinda takwas, mai jan baya.

Wannan yarda tana da hujja a kimiyya. Duk lokacin da mota ta fizga, nauyinta yana komawa baya, kamar yadda fasinja ke mannewa da kujera. Ga mota mai jan baya wannan alheri ne, domin nauyin yana danne tayoyin da ke turawa, su ƙara kama kwalta. Ga mai jan gaba kuwa asara ce: hanci ya ɗaga, tayoyin da ke ja su yi sakayau, su riƙa juyawa a banza suna hayaƙi. Iya ƙarfin da aka ƙara wa injin, iya tsanantar matsalar. Saboda haka masana wasan suka ɗauki mota mai jan gaba a matsayin motar cefane, wadda ba ta da abin yi a filin tsere.

Tattalin arziki ne ya fara sauya lissafin. Honda ta fito da Civic a 1972, shekara guda kafin rikicin man fetur na 1973 ya sa Amurkawa neman ƙananan motoci marasa shan mai. A 1983 ta ƙaro CRX, 'yar ƙarama mai kujera biyu a kasuwar Amurka, wadda wasu nau'o'inta ba su kai kilo 850 ba. Kafin ƙarshen shekarun 1980, irin waɗannan motoci sun cika Los Anjalas, sun tsufa, sun yi araha, iyaye suna miƙa wa 'ya'yansu su je makaranta. Da yawa daga cikin waɗannan samari 'ya'yan baƙi ne 'yan asalin Asiya, ba su da kuɗin Mustang ko Camaro, ba su kuma ga irinsu a filayen tseren da ake da su ba. Abin da ke hannunsu da shi suka fara, da daddare, a titunan unguwannin masana'antu.

A 1990 Frank Choi ya shirya gasar Battle of the Imports a filin Los Angeles County Raceway da ke Palmdale, domin motocin da aka shigo da su daga waje. Wannan ce ta ba su agogo na gaskiya da 'yan kallo, kuma inda aka sami agogo, gardama kan koma gwaji.

Darasin farko da suka koya shi ne rage nauyi ya fi ƙara ƙarfi araha. A wannan wasa abin lura shi ne kilo nawa kowane doki guda na ƙarfin inji yake ja. Mota mai kilo 1,000 da ƙarfin doki 200, idan aka sauke mata kilo 100, daidai take da wadda aka ƙara wa doki 22. Dawakan kuɗi ake sayensu. Sauke kayan kuwa sifana da yammaci guda kawai yake ci. Sai aka fitar da kujerun baya, da kafet, da na'urar sanyi, da rediyo, da safaya, da kwaltar hana ƙara da ke manne a ƙasan bodi. Aka maye gilasai da roba mai ƙarfi. Amma mai jan gaba tana da sharaɗi na musamman: daga baya ake so nauyin ya fita, gaba kuwa a bar mata abin da zai danne ta.

Darasi na biyu daga Honda kanta ya zo, ba da niyyarta ba. A 1989 ta fito da injin B16A mai fasahar VTEC, lita 1.6 da ke ba da doki 160, wato doki 100 a kowace lita ba tare da turbo ba. Civic ta 1992 zuwa 1995, irin wadda daga baya ta cika titunanmu a matsayin 'yar Kwatano, ginin ƙarƙashinta kusan ɗaya ne da na Integra ta 1994, don haka injin babbar yana zama a cikin ƙaramar ba tare da wahala ba. A Japan kuma tsadar binciken lafiyar mota na sa mutane rabuwa da motocinsu da wuri, injinan da ba su gaji ba suna tsallako teku da araha. Waɗanda aljihunsu ya fi rauni suka riƙa ɗora kan injin VTEC a kan gangar injin Integra mai lita 1.8, ko su ciro turbo daga Mitsubishi Eclipse da ta yi hatsari. Rashin uwa ke sa a yi uwar ɗaki.

Saura babbar matsala, wato kamun ƙasa. Aka sa wa gaba faffaɗan tayoyi masu laushi marasa zane, baya kuma sirara kamar na babur. Aka ƙarfafa sifirin na baya domin kada mota ta tsuguna idan ta fizga, aka sa wa giya na'urar da ke tilasta tayoyin gaba biyu su ja tare. Dabarar da ta fi ba mutane dariya ita ce ta 'yan'uwa biyu, Ed da Ron Bergenholtz, waɗanda suka ɗaura wa CRX ɗinsu dogayen sanduna masu ƙananan tayoyi a baya. An san waɗannan sanduna a kan motoci masu jan baya, inda suke hana mota miƙewa tsaye. Me za su yi wa motar da ba ta taɓa ɗaga hanci sama ba? Amsar ita ce suna tokare baya, su hana nauyi gudu daga tayoyin gaba. Da agogo ya yi magana, masu dariya suka koma kwaikwayo.

A tsakiyar shekarun 1990 David Shih ya kai CRX ƙasa da sakan 11. Kafin ƙarnin ya ƙare, Stephan Papadakis ya gina Civic a kan ƙashin bututun ƙarfe, ya sauko ƙasa da sakan 10, lokacin da manyan motocin Amurka da yawa ba sa iya yi.

Nasarar ce ta jawo kuɗi. A 2001 fim ɗin The Fast and the Furious ya fito, NHRA kuma ta buɗe wa ƙananan motoci gasa ta musamman. Kamfanoni suka shigo, General Motors ta kawo injiniyoyinta da injin Ecotec, kuma yaron da ke gyara a garejin mahaifinsa ya ga ba zai iya ja da su ba. A 2007 NHRA ta kammala wannan gasa, filin Palmdale ma ya rufe a shekarar.

Wasan bai mutu ba, ya koma hannun masu shi. Yau azuzuwan da suka fi cika su ne waɗanda doka ta wajabta bodin asali ta kuma haramta sandunan baya, kuma duk da haka Civic mai shekara talatin tana yin ƙasa da sakan 8 a cikinsu. Tsarin da samarin Palmdale suka bari ga mai ƙaramin ƙarfi bai canja ba: a fara da sauke nauyi, a bi da taya da kuloci da aksul, a tanadi kejin ƙarfe da hular kwano kafin gudu ya wuce kima, sannan a ƙarshe a nemi ƙarin dawakai.