Idon Maharbi Bayan Shekara Arba'in

Mu masu auna wa 'yan gasar harbi tabarau mun san kukansu ɗaya ne: hannu bai fara rawa ba, numfashi na nan daidai, amma saitin bakin bindiga ya koma dishi-dishi. Da mutum ya haura shekara 40, idonsa kan rage saurin komawa daga nesa zuwa kusa. Shi kuwa maharbi abu uku yake son gani lokaci guda: saitin baya, saitin gaba, da abin da yake bara.

Maƙeran bindiga ne suka riga mu kawo ɗauki. A 1879 William Lyman na Amurka ya fito da saitinsa mai 'yar huda, wanda ya yaɗu sosai. Leƙe ta ƙaramar kafa yana sa na kusa da na nesa su fito tare, shi ya sa dattawa suka ci gaba da fafatawa da samari a filin Bisley na Ingila da na Camp Perry a Amurka. Harbi wasa ne da ke jure tsufa: Oscar Swahn na Suwidin yana da shekara 72 ya ci azurfa a gasar Olamfik ta 1920.

Namu ɓangaren, mai karatu muka sa a gaba. Benjamin Franklin ya yi bayanin tabarau mai hawa biyu a shekarun 1780, sama na nesa, ƙasa na karatu. A 1959 Bernard Maitenaz na Faransa ya fitar da Varilux, gilashin da ƙarfinsa ke sauyawa sannu a hankali ba tare da layi ba. Ya yi wa duniya rana, amma ya wahalar da maharba. Wurin da yake nuna abu sarai siriri ne, a tsakiya, gefensa kuwa yana karkata gani. Maharbi in ya ɗora kunci a gindin bindiga, ta kusurwar sama kusa da hanci yake dubawa. Kai ya ɗan gusa, ƙarfin gilashi ya sauya, harsashi ya sauka wani wuri, mutum ya yi ta zargin bindigarsa.

Gyara ya zo ne daga waɗanda suka tsaya suka kalli yadda ake riƙe bindiga. Tun 1949 kamfanin Decot a Amurka ke yin tabarau mai zama can sama a fuska. Kamfanonin Knobloch na Jamus da Champion na Suwizalan suka ɗora gilashi guda mai ƙarfi ɗaya a kan ƙarfen da ake juyawa, har ya fuskanci ido daidai. Mukan ƙara +0.50 zuwa +0.75 a kan awon nesa don saitin gaba ya fito. Sai kamfanin Aimpoint na Suwidin ya kawo saiti mai jan ɗigo a 1975, kuma a 2016 masu shirya gasa a Amurka suka amince da madubin hange mai kusanto abu har sau 4.5 a gasar bindigar soja.

Abin da nake roƙon matasan sana'armu shi ne, kada ku auna maharbi yana zaune a miƙe kamar mai karanta jarida. Ku sa ya sunkuya yadda yake yi a fili, ku ɗiga alama inda idonsa ya faɗa, ku yanka gilashi a kan wannan ɗigon. Da yawa sun ajiye bindiga suna cewa tsufa ne, alhali tabarau ne bai dace da aikin ba.