Ƙarin Aiki, Ƙarin Kuɗi: Abin Da Ya Sami Misira

'Yan uwana mata, yau tarihi na ɗauko mana, don ku ga yadda kalmar nan ta "ƙara mini kaza" a wurin gini ta taɓa jefa ƙasa guda cikin wahala.

A shekarar 1854 Sa'id Pasha, mai mulkin Misira, ya ba wani Bafaranshe, Ferdinand de Lesseps, izinin haƙa mashigin ruwan Suez. Cikin yarjejeniyar, Misira ce za ta kawo mafi yawan leburori. Aka fara aiki a 1859, ana kwaso talakawa daga gonakinsu suna haƙa da diga suna jidar ƙasa a kwando, aikin tilas.

Da Isma'il ya hau mulki a 1863 sai ya ce a daina, kuma a mayar wa Misira wasu filaye da aka ba kamfanin. Kamfanin ya ce to, ai wannan canjin sharaɗi ne, yanzu sai mun sayo injina, wa zai biya? Aka kai magana gaban Napoleon na Uku, sarkin Faransa, wanda matarsa 'yar uwar de Lesseps ce. Kin ji alƙali! A 1864 ya yanke Misira ta biya faran miliyan 84, kuɗin Faransa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An buɗe mashigin a 1869, kuɗinsa ya ninka abin da aka ƙiyasta tun farko. Wannan da sauran basussuka suka taru suka yi wa Isma'il katutu, har a 1875 ya sayar wa Ingila hannun jarin Misira a kan kusan fam miliyan 4. A 1882 sojan Ingila suka shiga ƙasar. Sai a 1956 Nasser ya ƙwace mashigin.

Ni dai a ganina niyyar Isma'il kyakkyawa ce, takardar farko ce ta ɗaure shi. To ke da kika tara kuɗin adashi kina gina ɗaki, in za ki ce wa birkila ya ƙara taga, ku yanke kuɗinta kafin ya taɓa bulo, a rubuta, da shaidu. Kuma kada ki yarda ɗan uwansa ya zama mai raba gardama. Shi ma in ya yi ƙarin aikin, a biya shi haƙƙin guminsa.

Allah Ya sa mu dace.