Kamfanin manufa ta musamman

Kamfanin manufa ta musamman, wanda ake taƙaita sunansa da SPE ko SPV, kamfani ne da wani babban kamfani ko gwamnati ke kafawa domin aiki guda ɗaya tak, kamar riƙe wata kadara ko karɓo bashi. A idon doka yana cin gashin kansa, don haka idan wanda ya kafa shi ya karye, masu bin sa bashi ba sa iya taɓa kadarorin da aka zuba a ciki.

Amfani

Bankuna na amfani da shi wajen tattara basussukan gidaje su sayar wa masu zuba jari. Haka kuma ana kafa shi wajen fitar da sukuk. A shekarar 2017 gwamnatin tarayyar Najeriya ta tara naira biliyan 100 na aikin tituna ta hannun kamfanin FGN Roads Sukuk Company 1 Plc.

Lissafin kuɗi

Babbar tambaya ga akantoci da masu binciken kuɗi ita ce: shin bashin wannan kamfani zai shiga cikin rahoton kuɗin wanda ya kafa shi? Idan bai shiga ba, masu hannun jari ba za su ga ainihin nauyin da ke kan kamfaninsu ba. A tsohon tsarin Amurka, ana iya ware shi daga rahoton muddin wani na waje ya zuba aƙalla kashi 3 cikin 100 na jarin, kuma shi ke juya akalarsa.

Badaƙalar Enron

Kamfanin makamashi na Enron da ke Houston ya kafa irin waɗannan kamfanoni da dama, ciki har da Chewco da LJM, ya ɓoye bashi da asara a cikinsu. Shugaban sashen kuɗinsa, Andrew Fastow, shi ne ke tafiyar da LJM. Wasu daga cikinsu, waɗanda ake kira Raptors, da hannun jarin Enron ɗin aka jingine su, saboda haka da farashin hannun jarin ya faɗi, su ma suka durƙushe. A watan Nuwamba na 2001 Enron ya rage kusan dala miliyan 600 daga ribar da ya bayyana tun 1997, sannan ya ayyana karyewa ranar 2 ga Disamba. Kamfanin Arthur Andersen da ke binciken asusunsa shi ma ya rushe.

Gyaran dokoki

A 2002 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar Sarbanes-Oxley, wadda ta kafa hukumar PCAOB mai sa ido kan masu binciken kuɗi. A 2003 hukumar FASB ta fitar da ƙa'idar FIN 46, wadda ta ɗora alhakin haɗa rahoton a kan wanda ke ɗaukar mafi yawan asara ko riba. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IFRS 10, da ta fara aiki a 2013, ta dogara ne ga wanda ke da iko da kamfanin a zahiri, ko da bai mallaki rinjayen hannun jari ba.