Masu Karanta Man Giya

Tun da na miƙa wa yara makullin shago nake zuba ido a bakin ruwan Yauri, abin kuwa yana ci mini rai. Mai jirgi zai kawo Yamaha 40 tana gurnani daga ƙasa, yaro ya cire ƙafar injin gaba ɗaya, ya ce a je a sayo ta gwanjo. Ko sukurun mai bai kwance ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya taɓa sifana sai ya ga mai. Zai tara tafin hannu, ya murza, ya sansana. In ya fito fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga, sai ya ce, "Kai yaro, cire farfela, za ka tarar da zaren masunta ya naɗe ya cinye robar." Haka kuwa za a tarar. In ya ji ɓarɓashin ƙarfe, ya san ko boris ne ko haƙori. Ɗura mai kuma daga ramin ƙasa, har sai ya tumbatso ta sama. Wanda ya zuba ta sama ya bar iska a ciki, ranar ba shi da kuɗin abinci.

Shi da tsofaffin Johnson da Evinrude ya fara, bayan madatsar Kainji ta tare ruwa a 1968, tafki ya yi faɗin da filafili ba ya iya masa. Waɗannan injuna suna da ɗan ƙarfe a farfela wanda aka yi shi don ya karye in an daki kututture. Wani direba ya maye gurbinsa da ƙusa, don wai ya gaji da canji. Kututture ɗaya ya kwashe haƙoran giya duka, ga fasinjoji a tsakiyar ruwa. Maigida ya gyara, amma sai da ya sa shi ya rantse a gaban mutane cewa ba zai sake ba.

Abin da ya ɓace shi ne saitin haƙori. Mukan shafa bula a giya, mu juya da hannu, mu duba inda ta goge. In tabon ya karkata, mu ƙara ko mu rage siraran washa, wani lokaci daga gwangwani muke yanka su. Yini guda ana abu ɗaya. Kamfanin Evinrude ya daina ƙera inji a 2020, amma akwai ƙafafun da muka saita haka suna tsallaka kogi har yau, ranar kasuwa, cike da buhuna da awaki.